Wandon Ruwa: Abin Da Masunci Zai Duba Kafin Ya Kwance Lalitarsa

KUMAGANNAM gari ne na rairayi. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari ta Jihar Yobe, arewa da hanyar motar da ta haɗa Nguru da Gashuwa, a ƙasar Mangawa inda tuddan yashi su ke bin juna har kan iyakar Jamhuriyar Nijar. Baƙon da ya tsaya a bakin garin da rani ba zai taɓa zaton maganar su ta shafi mutanensa ba. Amma fa ta shafe su, domin kuwa da zarar an kai gero rumbu, matasan garuruwan arewa sukan gangara kudu cin rani, inda ruwa ya ke, waɗansu su kama yankan shinkafa, waɗansu saran kachalla, waɗansu kuwa su shiga yaron masunta, suna jan taru suna ɗaga mali, har lokacin da gajimaren farko zai kira su gida.

Ruwan da su ke gangarowa dominsa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne su ke shigowa cikin tsofaffin tuddan yashi, su rarrabu, su bazu cikin kwaruruka da tafkuna, sa'an nan su sake haɗuwa su wuce ta Gashuwa da sunan Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma, masu faɗin hekta 58,100, cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci bisa yarjejeniyar Ramsar, kuma nan ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Tarwaɗa da karfasa da bargi da ƙurungu da gaiwa da a ke bandawa a nan su ne a ke lodawa a motoci zuwa Kano da kudancin ƙasa.

Duk wanda ya san wannan sana'a ya san jarinta: koma da gora, birgi, kalli, ƙugiya, mali, da jirgi ga mai hali. Akwai dai wani jari guda wanda ba a saye shi a kasuwa ba, saboda haka ba a cika lissafa shi ba, watau ƙafar masuncin kanta. Ita ce ta ke wuni cikin laka, ita ce ƙayar ƙurungu ta ke soka, ita ce matsattsaku ya ke maƙalewa, ita ce cin ruwa ya ke tsattsagawa tsakanin yatsu. Mutanen ƙasar Manga ba baƙin wannan wahala ba ne, don sun san yadda ruwan kanwa ya ke cin fatar masu haƙo ta a kwaruruka.

To, a 'yan shekarun nan wani kaya ya fara bayyana a shagunan masu sayar da kayan kiwon kifi da na noman rani: wandon roba mai haɗe da takalmi, wanda mutum ya ke zurma kansa ciki har ƙirji, ya rataya igiyoyinsa a kafaɗa, ya shiga ruwa jikinsa a bushe. Ma'aikatan gidajen kiwon tarwaɗa ne suka fara sabawa da shi. Tambayar da ke gaban yaron da ya baro Kumagannam da ɗan guzirinsa ita ce, shin wannan wando ya cancanci kuɗinsa, in kuwa ya cancanta, wanne zai ɗauka?

ABIN DA IDO BA YA GANI

Kafin a shiga maganar ciniki, ya kamata a san abin da a ke saye kariya daga gare shi. Ƙaya da matsattsaku ƙananan abokan gaba ne, gama ana ganinsu, ana jin zafinsu nan take. Babban abokin gaba shi ne tsargiya.

Cuta ce tsohuwa. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar da ke haddasa ta a birnin Alƙahira cikin 1851, shi ya sa likitoci har yau su ke kiranta da sunansa. Yadda ta ke yawo kuwa shi ne: mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai zama a jikin ciyayin ruwa, su hayayyafa a cikinsa. Bayan 'yan makonni sai su fito dubbai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna iyo suna neman fatar ɗan Adam. Ba su bukatar ciwo ko tsaga. Lafiyayyar fata su ke hudawa cikin 'yan mintoci, abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Daga nan su bi jini, su girma, su zauna cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, inda su ke iya rayuwa shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ya ke yaga bangon mafitsara, shi ya sa a ke ganin jini a ƙarshen fitsari, galibi wata biyu zuwa uku bayan shiga ruwan.

A waɗansu wurare an daɗe ana ɗaukar wannan jini tamkar alamar yaro ya fara zama namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Tsargiyar da aka bari shekara da shekaru tana rage jini, tana kashe kuzari, tana iya toshe hanyar da fitsari ya ke bi daga ƙoda har ƙodar ta lalace, kuma likitoci sun tabbatar tana da hannu a sankarar mafitsara. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu bukatar maganinta a duniya.

Abu biyu game da halin tsutsar nan sun shafi masunci kai tsaye. Na farko, ta fi fitowa daga jikin dodon koɗi da rana tsaka, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da zafi ya ke sa mutum ya fi son jin sanyin ruwa a jikinsa. Na biyu, ta fi yawa a ruwa marar zurfi, mai kwanciya, mai ciyawa. Wannan kuwa shi ne irin ruwan da ya yawaita a fadamar tun bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Kafin madatsun, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani, kwaruruka da yawa su bushe ƙurmus. Bayansu sai ya zama ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, waɗansu mashigai ba su bushewa, kachalla ta sami wurin zama ta toshe hanyoyi, ta cinye gonaki da wuraren su. Inda kachalla ta yi duhu, nan dodon koɗi ya ke samun inuwa da abinci. Ba a nan kaɗai aka ga haka ba: a ƙasar Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru kaɗan, inda a da ba a san ta ba.

Ke nan amfanin wandon roba na gaskiya shi ne raba fata da irin wannan ruwa. Takalmin roba ɗan gajere irin na makiyaya yana tare ƙaya, amma ruwa yana shiga cikinsa, don haka ba ya tare tsargiya ko kaɗan.

BA KOWA NE KE BUKATARSA BA

A nan ne tilas a faɗi abin da mai shago ba zai faɗa ba. Masu su ba iri ɗaya ba ne, kuma akwai waɗanda wandon nan ba shi da wani amfani a gare su, har ma yana iya zama ajalinsu.

Mai koma da gora, irin waɗanda a ke gani a bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, wanda ya ke kifa cikinsa a kan gora yana iyo a ruwa mai zurfi, ba shi da abin yi da wando. Aikinsa na ninƙaya ne. Haka nan mai jefa birgi ko shimfiɗa kalli daga cikin jirgi: shi ruwa ba ya taɓa shi sai hannu, kuma in jirgi ya kife da shi yana sanye da wandon ƙirji, ya shiga uku. Kuɗin irin waɗannan mutane ya fi amfani a kan rigar ceto, wadda har yanzu ba ta zama ruwan dare a mashigan yankin ba.

Waɗanda wandon ya yi wa rana su ne masu aiki a tsaye cikin ruwan da bai wuce gwiwa ko cinya ba, awa da awanni: mai kewaya mali da asuba yana zazzage kifi yana sake zuba dusa, mai jan bakin taru daga gaɓa, mai saran kachalla, mai yankan shinkafa a fadamar da ruwa bai gama janyewa ba, da mai kwashe tarwaɗa a kududdufin kiwo. Kuma abin lura shi ne, waɗannan ayyuka su ne a ke bai wa baƙo ɗan cin rani, wanda bai iya tuƙa jirgi ba, sau da yawa ma bai iya iyo ba, tun da ya tashi a garin da babu kogi.

Saboda haka tambaya ta farko ba ta kuɗi ba ce, ta zurfi ce. Mutum ya tuna inda ruwa ya ke tsaya masa a wurin aikinsa, ba a ranar da ya fi zurfi ba, a yawancin kwanaki. In ƙasa da gwiwa ne, dogon takalmin ruwa na roba ya wadatar, shi ne kuma mafi araha da daɗewa. In yana kai wa gwiwa, akwai mai tsawo har cinya, wanda a ke ɗaure madaurinsa a ɗamara. Wandon ƙirji na wanda ruwa ya ke kai wa kwankwaso ne. Dokar da masu wannan kaya su ke bi ita ce a bar tazarar aƙalla taƙi guda tsakanin ruwa da bakin wando, domin laka tana nutsewa, ƙasan kogi kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Wanda ya sayi na ƙirji alhali na cinya zai ishe shi, ya biya kuɗin zafin da zai dafa shi ne kawai.

IRIN ROBAR DA AKA YI SHI DA ITA

Kayan da ke shigowa kasuwa kashi huɗu ne, ko da ya ke biyu ne kawai suka shafi mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai na roba tsantsa, wadda aka shimfiɗa a kan yadi. Wannan shi ne tsohon yayi, jikan binciken Charles Goodyear, Ba'amurken da ya sami hanyar dafa danƙo da farar wuta a ƙarni na 19, ya yi rajistarta a 1844, har roba ta daina narkewa da zafi tana sandarewa da sanyi. Yana da nauyi, yana da tsada kaɗan, amma yana jure ƙaya, kuma babban alherinsa shi ne duk mai facin taya a tashar Nguru ko ta Gashuwa zai iya gyara shi da guntun tsohon tub da man faci.

Akwai na PVC, watau irin robar da a ke yin tiyo da tamfol da ita, an lulluɓa ta a kan yadin nailan. Shi ne ya fi yawa a shaguna, galibi daga ƙasar Sin, shi ne kuma mafi araha. Ba shi da nauyi. Aibinsa biyu ne: rana tana busar da shi har ya riƙa tsagewa a wurin lanƙwasa, sa'an nan man facin taya ba ya kama shi sosai, sai an nemi gam ɗin da aka yi domin irinsa. Da yawa sun kai wa mai faci, ya manna, ya karɓi kuɗinsa, kwana biyu facin ya ɓare a cikin ruwa, aka zargi mai faci alhali laifin ba nasa ba ne.

Sauran biyun a dilar gwanjo a ke cin karo da su, a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai da Sabon Gari a Kano, kuma su ne su ke ruɗin ido. Ɗaya na niyofirin ne, roba mai laushi kamar soso, mai kaurin milimita 3 zuwa 5, wadda aka yi domin masu kamun kifi a kogunan ƙanƙara na Turai da Amurka. Aikinta riƙe ɗumin jiki. A yankin da zafi ya ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wanda ya sa shi da hantsi zai jiƙe da gumi fiye da yadda kogi zai jiƙa shi, har jiri ya iya ɗibarsa. Iyakar amfaninsa asubahin hunturu ne, a Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ya ke sauka ƙasa da digiri 15. Wata biyu ke nan cikin goma sha biyu. Ɗayan kuwa shi ne mai shan iska, na yadi irin su Gore-Tex, wanda ya ke barin gumi ya fita amma ruwa ba ya shiga. A kan takarda shi ne ya fi dacewa da ƙasa mai zafi. A aikace kuwa sabonsa ya fi ƙarfin aljihun masunci nesa ba kusa ba, yadinsa siriri ne ba ya jure kaifin kachalla da ƙayar bagaruwa, wanda kuma ya iso gwanjo sau da yawa mai shi na farko ya rabu da shi ne don ya fara yoyo a ɗinki. Har wa yau, yawancin irinsa ba su zuwa da takalmi, da safa su ke ƙarewa, sai an sayi takalmi dabam an ɗora. Ciniki biyu ke nan a madadin ɗaya.

A duba tafin takalmin ma. Waɗansu na gwanjo suna da tafi na wani abu kamar bargo, wanda aka yi domin kada santsin duwatsu ya kwashe mutum. Kogin Yobe ba kogin duwatsu ba ne, yashi ne da laka, kuma irin wannan tafi laka ya ke kwasa har ƙafa ta yi nauyi. Ko a can ma ya fara rasa daraja, don ƙasar Niyu Zilan ta hana masu kamun kifi amfani da shi tun 2008 saboda yana ɗaukar ƙwayoyin gansakuka daga wannan kogi zuwa wancan. Tafin roba mai manyan zane shi ne na wannan ƙasa.

A GABAN MAI SHAGO

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, har Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024, duk wani kayan da a ke shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, tun daga zaren kalli har ƙugiya. Farashi yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, amma lissafin da ya kamata a yi ba ya sauyawa. A ƙaddara wando biyu ne, ɗaya a kan kuɗi 10, ɗaya a kan 16. Na farko ya yi kaka guda ya tsage, na biyu ya yi uku. A shekara uku mai na farko ya kashe 30, mai na biyu 16. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Sai dai tsada ita kaɗai ba shaida ba ce, domin akwai mai tsadar da sunan kamfani kawai a ke biya. Shaida tana jikin kayan, kuma ana iya ganinta kafin a biya.

Wando ba ya fara yoyo a tsakiyar yadi. A mahaɗa ya ke farawa, musamman wurare biyu: inda takalmi ya haɗu da ƙafar wando, da kuma tsakanin cinyoyi. Mai saye ya juya wandon ciki waje ya bi waɗannan mahaɗai da yatsa. Mai kyau za a ga an narka robar an haɗe ta da faɗi, ko an bi bayan ɗinkin da wani ƙyalle an manne. In aka ga gam ne kawai aka shafa siriri, ko bakin mahaɗar yana ɗagowa in an sa farce, a ajiye shi. Sa'an nan a lanƙwasa robar a matse, a saki: in ta bar farin layi ko 'yan tsage-tsage, ta daɗe a ajiye, rana ko zafin shago sun riga sun ci rabin ranta. A duba gwiwa, ko an ninka yadi a wurin, gama mai ɗaga mali da mai yankan shinkafa durƙuso su ke yi.

Gwaji mafi sauƙi na tocila ne. A kunna ta a zura cikin ƙafar wando a wuri mai duhu. Duk hudar da ta kai bakin allura za ta nuna kanta kamar tauraro. Wanda ya sayi na gwanjo bai yi wannan gwaji ba, caca ya yi. In mai kaya ya yarda, a ɗura ruwa a kowace ƙafa zuwa gwiwa a ga ko waje zai yi damshi, amma kada a cika shi har sama, don nauyin ruwan kansa yana iya ɓalle mahaɗa.

Batun awo kuwa, kada kunya ta hana mutum sawa a gaban jama'a. Ya sa, ya tsuguna, ya ɗaga ƙafa kamar zai hau gaɓa. In ya ji yana ja a tsakanin cinyoyi, nan zai fara yagewa. Takalmin ya fi wanda mutum ya saba sawa da lamba ɗaya, domin a sami wurin safa, wadda ke shanye gumi ta hana gogewa. Amma kada ya wuce haka. Lakar fadama tana riƙe takalmi kamar hannu, kuma in ya yi yawa, ƙafa za ta zare ta bar shi a ƙasa, mutum ya faɗi gaba.

IDAN RUWA YA SHIGA

Wannan shi ne ɓangaren da rai ya ke ciki, kuma mutane da yawa sun fahimce shi a baibai. Ana cewa wandon da ya cika da ruwa yana jan mutum ƙasa kamar dutse. Ba haka ba ne daidai, domin ruwan da ke cikin wando bai fi wanda ke waje nauyi ba. Haɗarin yana wani wuri. Bakin wandon da ba a ɗaure ba yana buɗewa kamar buhu, igiyar ruwa ta cika shi ta ja mutum, ƙafafu kuma su kasa harbawa. In an yi sa'a an kai gaɓa ko gefen jirgi, nan ne nauyin ya ke bayyana: kowace lita guda kilo guda ce, ke nan wandon da ya ɗebi ruwa cikin jarka mai lita 25 ya ɗora wa mutum kilo 25 a daidai lokacin da ya gaji, yana neman ɗaga jikinsa.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ɗamara ce a ɗaura tam a kan wandon daidai ƙugu, ta yadda in an faɗi ruwa ba zai kwarara ƙafafu nan da nan ba. In wandon bai zo da ita ba, tsohon bel ko guntun tub ya isa. Igiyoyin kafaɗa su kasance masu maɓallin da a ke ɓallewa da hannu ɗaya. Waɗanda suka lalace aka ƙulle su da ƙulli tarko ne. A riƙe sanda ana dogarawa ana auna gaba, domin a fadama taku ɗaya ne tsakanin ruwan gwiwa da tsohon ramin da ya shanye mutum. Kada a shiga da shi cikin ruwa mai gudu a watan Agusta da Satumba lokacin da kogi ya ke cike, irin cikar da ta yi ɓarna a Haɗeja da Gashuwa a 2022. In za a haye a jirgi, a tuɓe shi a riƙe a hannu. Wanda kuwa tsautsayi ya kayar, ya juya rigingine, ya miƙa ƙafafu gaba, ya yi amfani da hannuwa ya nufi gaɓa, in ya isa ya fita da rarrafe ya kwanta ruwan ya zube kafin ya miƙe.

Akwai kuma iyakar kariyar da ya kamata a sani. Roba mai kauri tana rage haɗarin sarar maciji a gonar shinkafa, tana kuma tare girgizar minjirya, amma ba ta rufe hannu ba. Mai wando da ya wuni yana lalube cikin mali da hannu tsirara, ko ya tuɓe da azahar ya faɗa kududdufin ya yi wanka, ya buɗe wa tsargiya ƙofar da ya biya kuɗi ya rufe. Safar hannu doguwa ta roba ba ta kai kuɗin wando ba, tana kuma cika aikinsa. Ruwan wanka kuwa, in daga tafki aka ɗebo, a bar shi ya kwana biyu a mazubi, gama tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta sami jiki ba.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ko na takalmi ba, akwai abin da ya fi wando araha, watau magani. Sunansa praziquantel, an samo shi a Jamus cikin shekarun 1970, ana sha sau ɗaya bisa nauyin jiki, miligiram 40 ga kowane kilo, ta yadda mai kilo 60 zai sha ƙwaya huɗu masu miligiram 600, bayan ya ci abinci, a hannun ma'aikacin lafiya. Ana raba shi kyauta ga 'yan makaranta a yankunan da cutar ta yi yawa, sai dai baligi ɗan cin rani ba ya cikin aji ranar rabo. Maganin yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya hana sababbi shiga gobe, kuma ba ya cika kama ƙananan da ba su girma ba. Don haka ya fi kyau a je awon fitsari 'yan makonni bayan an bar ruwa, maimakon ranar da aka fito.

Masu aiki ƙungiya suna da wata dabarar. Ba dukansu ne ke cikin ruwa lokaci ɗaya ba, saboda haka mutum huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi biyu masu kyau su riƙa karɓa-karɓa, muddin kowa yana da safarsa, ana kuma shanya cikin wandon tsakanin mai fita da mai shiga, don kada a gudu daga tsargiya a faɗa wa cin ruwa. Lokacin saye ma yana da tasiri: ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya jira sai ruwa ya fara janyewa a watan Nuwamba, kowa yana nema, shi zai saya da tsada ya kuma ɗauki ragowar zaɓi.

Abin da ya rage shi ne ajiya, inda wanduna da yawa su ke mutuwa ba a cikin ruwa ba. Rana tana cin roba, fetur da baƙin mai suna narkar da ita, zafin wurin banda yana busar da ita. A ɗauraye laka bayan aiki, a juya ciki ya sha iska a inuwa, a rataye shi ƙafafu sama ba tare da an ninke ba, nesa da inda ɓera zai kai, don ƙarnin kifi yana kiransa. Da safe a zazzage takalmin kafin a zura ƙafa, saboda kunama tana son duhunsa. Wanda zai koma Kumagannam da wandonsa idan damina ta kawo kai, ya nannaɗe shi a hankali maimakon ninkewa, ya sa a buhu, ya rataye a cikin ɗaki inda zafin kwano ba ya dukansa, tare da ɗan guntun tub da kwalbar gam da zai bukata in kaka ta zagayo.